Ranar da Mai Dutse Ya Miƙa Sandarsa

Tun yana iya ɗaukar buhun siminti a ka aka ba shi gadin dutsen nan, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane, kowa sai ya ce Mai Dutse. Aikin kuwa ba zaman benci ba ne. Kowace safiya yakan hau zuwa tankin ruwan da ke ƙololuwa, ya duba bututun da ke gangarowa gari, ya kawar da duwatsun da suka faɗo kan hanya, ya kori awakin da ke cin dashe. Bai taɓa hawa shi kaɗai ba. Yana da jan kare mai yagaggen kunne, wanda ya raɗa wa suna Kofur. Mai ɗakinsa takan ce an zalunci Kofur da ba a ƙara masa girma ba, ga shi kullum yana riga maigidansa fita aiki.

Tsarinsu ɗaya ne. Kofur ke gaba. In ya kai kwanar hanya sai ya tsaya ya shinshina, ko akwai maciji, ko ƙasa ta zaizaye, kuma ba ya ƙara taku sai Mai Dutse ya iso ya ɗora masa kan sandarsa a kafaɗa.

Da gwiwar Mai Dutse ta gaza, ofishin da ya ɗauke shi aiki ya turo sabon maigadi, magidanci mai ƙwazo. 'Yar Mai Dutse ta kama wa iyayenta ɗaki a gari don su bar gidan gadi da ke jikin dutsen, amma mai gidan hayar bai yarda da kare ba. Ofis kuma ya ce in Kofur zai bi sabon maigadi, ya zauna da abincinsa, in ba zai bi ba a kore shi.

Sabon maigadi ya gwada. A kwanar farko Kofur ya kafe. Aka yi masa fito, aka yi tsawa, aka nuna masa ƙashi, ko gezau. Mutumin ya sauko yana share gumi.

"Baba, karen nan naka ya fi jaki taurin kai."

"Ba taurin kai ba ne, ɗana. Izini yake jira."

Ya bayyana masa maganar sanda. Washegari mutumin ya saro reshe ya ɗora wa Kofur a kafaɗa. Kofur ya shinshina reshen, ya kawar da kai.

Mai ɗakin Mai Dutse ta ga hankalin mijinta ya karkata ga ba da sandarsa. Ta tuna masa cewa ko banɗaki ba ya kaiwa sai da sandar nan, ga gangara tana jiransu ranar tashi. Bai musa mata ba.

Ranar da aka ɗaure kaya, ya miƙa wa sabon maigadi sandar da hannu biyu, mariƙinta ya yi santsi saboda tsufa.

"A hankali za ka ɗora masa. Ba a taɓa dukansa da ita ba."

Sabon maigadi da Kofur suka hau. A kwanar farko Kofur ya tsaya ya waiwayo. Mai Dutse ya juya masa baya, ya ƙura wa tulin kaya ido. Can sai ga haushi daga wajen tanki, irin wanda Kofur ke yi in ya tarar da komai lafiya.

Mai Dutse ya dafa kafaɗar mai ɗakinsa suka kama gangara. Tana mitar cewa yau ita ce ta zama sanda, shi kuwa duk wanda suka gamu da shi sai ya tsayar da shi ya ce ya saurara, Kofur ne can a bakin aiki.