Mai Jinya Ɗaya Ba Ta Rabuwa Biyu

Yayata ce ake kira a garinmu in mace ta fara gargarar mutuwa. Ƙauye ne ƙarami a gefen Gangara, kowa ya san ƙofar kowa. Ko tana tsakiyar daka, da an leƙo an ce wance fa jiki ya yi tsanani, sai ta jingine taɓarya, ta ɗauki wani ƙaramin cokali da take ajiyewa don haka, ta tafi. Takan juya mai ciwo ta fuskanci gabas, ta ɗiga mata ruwa a leɓe, ta riƙa faɗin kalmar shahada a hankali kusa da kunnenta, ba ta matsa wa kowa sai ya maimaita. Haka ta yi wa innarmu. Ranar da aka kai inna makwancinta Yaya ta ce mini, "Auta, ni ba tafiyar nake tsoro ba. Abin da nake tsoro in tafi ba kowa a kaina. Ke za ki zauna mini." Na ce ta daina yi mana fatan tsiya. Ta yi dariya, amma ba ta janye maganar ba.

Mu biyu muka rage a ɗakinmu. Mijinta ya rasu, ɗanta guda yana can Libiya, sai murya a waya. Ni kuma na gama koyarwa a lakol, makarantar boko, na dawo gida da bakina da ba ya shiru, wanda shi ya sa ban tara ƙawaye ba. Ita kaɗai ke iya zama da ni, don ta san in na yi faɗa na gama, shi ke nan.

Shekarar da hawan jini ya fara kayar da ita, da kaka ne. An sayar da wake, ɗanta ma ya yi aike, sai na kai ta wata kilinik ta kuɗi a Maradi. Ba zan yi musu kirari ba, sun tatse mu tas. Amma lokotoro, wato dokta, ya ja kujera ya zauna, ya tambaye ta har abin da take ci. Magani yana nan cikin gidan, ma'aikaciya ce ke kawo shi har gado. Ni aikina in zauna ina yi mata fifita, muna gulmar mutanen garinmu. Ko bayan gida zan zaga, sai ma'aikaciyar ta ce, "Je ki, Inna, ina nan." A lokacin ban ɗauki wannan magana bakin komai ba.

Masassarar da ta kama ta daga baya kuwa, tsakiyar damina ta zo. Wanda ya san garuruwanmu ya san me ke nan: rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, duk mai hannu yana gona. Wayar ɗanta ta daina shiga. Zancen kilinik bai ma taso ba. Muka hau amalanke zuwa ƙaramar likita, wato ɗakin shan magani na gwamnati. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya buɗa idonta ya duba, ya ce jininta ya yi ƙasa, abin ya fi ƙarfinsa, sai babban asibiti a birni. Na koma garinmu na bi gida-gida ina neman wadda za ta raka mu. Kowa da uzurinsa, kuma uzurin gaskiya ne, don wanda ya bar gona a kwanakin nan ya bar abincin shekara. Duk da haka na yi fushi, na fita ban yi wa kowa sallama ba.

A asibitin gwamnati mai jinya shi ne komai. Shi ke ɗebo ruwa, shi ke wanki, shi ke bin ma'aikaci yana don Allah don Annabi ruwan leda ya ƙare. Shi ke sayo magani, har auduga da safar hannu. Shi ya sa mutane ke zuwa bibbiyu ko uku-uku, ɗaya a kan mara lafiya, ɗaya a kan hanya. Gindin dogonyaro cike yake da tabarmi da tukwane, kowane gida da murhunsa. Ni kaɗai ce ba ni da ta biyu. In rana ta take sai in ga mutane sun kewaye kwano ana hira, ni ina tsaye jikin taga ina taunar ƙuli-ƙuli, ido ɗaya yana ciki. Ban taɓa jin kaɗaici irin na cikin taron nan ba.

Ba zan zagi ma'aikatan ba, ko da yake a lokacin na zage su a zuci har na gaji. Ɗaki ya cika har ƙasa, ma'aikaciya guda ce ke zagaye, fuskar da ka gani da safe ba ita za ka gani da yamma ba. Babu wanda ya san Yaya da suna. Tsohuwar bakin taga suke ce mata.

Ranar da abin ya faru, da hantsi lokotoro ya zo. Ya tsaya a kanta kamar mai jiran mota, ya rubuta magani, ya ce allura ce, a samo yanzu-yanzu. Na ruga farmasin asibiti. Mai wurin ko ɗago kai bai yi ba ya ce ta ƙare, sai cikin gari. Na dawo na tare ma'aikaciyar, na ce, "Ɗiyata, ni kaɗai ce. Ki duba mini ita har in dawo."

Ta ce, "Inna, ga su nan duka, wa zan duba in bar wa? Ki dai yi sauri."

Na sunkuya na gaya wa Yaya. Ta kama bakin zanena da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

"Auta, bar allurar nan. Zauna."

"Haba Yaya, in zauna in zuba miki ido? Yanzu zan dawo."

"Na san abin da nake ji. Na sha ganinsa."

Raina ya ɓaci. Na ce ai ba a hannunta ran yake ba, ta daina wannan magana. Na zare yatsunta daga zanena, na lulluɓa mata mayafina saboda ƙudaje, na roƙi matar da ke jinya a gado na kusa ta riƙa waiwayowa. Ta ce to, amma hankalinta yana kan ɗiyarta da ke ta amai.

Na hau kabu-kabu. Farmasi na farko babu. Na biyu a rufe. Kafin mu kai na gaba sama ta ɓalle da ruwa, hanya ta cika, mai babur ya ce ba zai kashe injinsa ba, muka fake a rumfar wani mai shayi ina ta yi masa masifa. Da ruwa ya tsagaita muka samu allurar. Na dawo jiƙe sharkaf, na ƙulle ta a cikin leda a ƙirjina.

Na same ta yadda na bar ta, mayafi a fuska. Na zauna bakin gado ina haki, ina ba ta labarin mai babur da ya kusa zuba ni a kwata. Na ce, "Kin gani? Da na biye miki da ba a samu ba." Na ɗebi ruwa, na ɗaga mayafin. Leɓenta a bushe, idonta a buɗe, fuskarta tana kallon bango wajen yamma. Na kama hannunta, ya riga ya yi sanyi.

A ɗakin nan da babu wurin taka ƙafa, ni na fara sani. Na bi gado-gado ina tambaya. Ta yi magana? Ta kira wani? Akwai wanda ya ji ta yi shahada? Matar gado na kusa ta fashe da kuka, ta ce wallahi ta ɗauka barci take. Wata tsohuwa ta ce in yi haƙuri, Allah ya san zuciyarta. Na sani. Ba abin da na tambaya ba ke nan.

Masu zuwa gaisuwa sun ce kwana ne ya ƙare, ko a kilinik ne da ta tafi. Ban musa ba, ni ma Musulma ce. Amma a can da ta tafi hannunta yana cikin nawa, don babu wanda zai aike ni cikin gari. Har yau in na ji an ce asibitin gwamnati na talaka ne, sai in ce na talaka mai dangi dai.

Cokalinta yana wurina. Yanzu in mace ta fara gargara a garinmu, ƙofata ake leƙowa. Nakan je in juya ta gabas, in ɗiga mata ruwa, in zauna. Ko gobara ake yi ba na tashi sai an gama. Sannan in dawo ɗaki, in wanke cokalin, in mayar da shi inda take ajiyewa. Ni dai har yanzu ban sami wadda zan ce wa ta zauna mini ba.