Hannun Nicanor a Kan Ƙanƙara

A garin Consuelo babu wanda bai san amalanken Nicanor ba. Tun yana saurayi yake tura shi tsakanin makaranta da filin besbol, wasan jefa ƙwallo a doke ta da sanda, da dunƙulen ƙanƙara lulluɓe da buhu, yana kankarewa cikin kofi, ya tsiyaya ruwan tsamiya a kai. Ƙanƙara ce abincinsa, amma sanyin gari bai taɓa ɗanɗana shi ba. Ina zai gan shi a ƙasar rake?

Ɗansa guda ne, Dariel. A bayan gida, ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ya koya masa jifa, yana tsugune yana cafke ƙwallo da kwalin madara a madadin safar hannu. Yaro ya tashi da hannu mai zafi, har wani ƙaramin kulob a can arewacin Amurka ya ɗauke shi. Tun daga nan duk sanda mangwaron ya nuna Dariel ba ya gida, don lokacin mangwaro da kakar wasa tare suke zuwa. Uwar yaron ta rasu, gidan daga Nicanor sai rediyo. Kewa ta ci shi, kuma ba ya ɓoyewa.

Bana kaka ta buɗe da rashin sa'a. Wasan farko masu dukan ƙwallo suka yi wa jifan Dariel kaca-kaca, na biyu ko rabi bai kai ba aka cire shi. Chepe mai shago, abokin Nicanor, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya ce ko jikarsa ta fi haka saiti. Nicanor ya wanke shi tas, washegari kuma ya dawo ya zauna a bencinsa, don a wayar Chepe ake ganin sakamako.

Da Dariel ya kira, muryarsa ƙasa-ƙasa take. Ya ce watan Afrilu a can iska ce mai yanka, 'yan kallo ma da barguna suke zuwa.

"Baba, yatsuna ba sa jin ɗinkin ƙwallon. In na sake haka ranar Lahadi, gida za su maido ni."

Nicanor ya ce ya daure. Yana ajiye waya kuwa sai ga shi yana share ɗakin yaron. Ya wanke zanin gado, ya ɗaga kai ya ga mangwaro ya fara ja. Allah ya sani, daɗi ya ji.

Ranar Asabar, bayan yara sun watse, ya ɗage buhu ya kifa tafinsa a kan ƙanƙarar, ya bar shi har yatsun suka mutu. Sannan ya ɗauko tsohuwar ƙwallon da ba ta rabuwa da amalankensa, ya auna bangon makaranta. Ta suɓuce ta gangara kwata.

"Tsoho, kai ma kulob kake nema?" in ji Chepe da ke wucewa.

Nicanor ya dubi yatsunsa. Ashe abin da yaron ke sha ke nan, shi kaɗai a tsakiyar fili, ubansa kuma yana nan yana share masa ɗaki. Kunya ta rufe shi. Ya kira Dariel, ba wata dabara a bakinsa, ya ce, "Na taɓa ƙanƙara, na ji. Hura wa yatsun iska ka jefa. Kada ka dawo mini yanzu."

Lahadi bayan coci shagon ya cika maƙil. Chepe na karanta sakamako da ƙarfi, mai duka na shiga yana fita. Dariel ya kori masu duka tara da jifansa, ba a ci shi ko maki ɗaya ba. Aka yi ta dukan tebur, Chepe na rantsuwa shi dama ya san yaron nan. Nicanor ya yi dariya har da hawaye, ba wanda ya tambaye shi na mene ne.

Ya koma gida ya ja ƙofar ɗakin ya rufe. Mangwaro ya zubo a tsakar gida, ya ɗauki ɗaya ya sha a tsaye. Bai taɓa yin zaƙi irin na bana ba.

Da yamma Dariel ya kira, murna fal bakinsa. Can ya tambaya ko mangwaron ya nuna.

"Bana bai yi ba," in ji Nicanor, yana goge haɓarsa. "Tsami ne da shi. Ba ka rasa komai ba."