Shekarar da Iya Ta Daina Hura Wuta

A ƙauyenmu, tsakanin Bagwai da Ɗambatta, da an gama tuwon magariba sai mu yara mu taru a ƙofar ɗakin kakarmu, wadda kowa ke kira Iya. Takan hura wutar kara saboda gwiwoyinta ba sa shiri da sanyi, ta miƙe ƙafafu, sannan tatsuniya ta biyo baya. Akwai wani yammaci da har yau yake cikin raina, a shekara ta biyu da aka yi fari a jere. Ban wuce shekara tara ba.

Ranar ne Babanmu ya dawo daga taron manoma a Ɗambatta. Malaman gona sun gaya musu cewa ƙasarmu ta gaji, kuma kwashe kara kakaf bayan girbi shi ke barin ta tsirara, iskar bazara ta ɗebe mai kyan, ruwan farko ya tafi da sauran. Suka ce a kwantar da kara a gona, a ja kunya a gicciye da gangare, a daina sare tohon gawo. Baba ya gamsu. Yayansa, Baffa Sule, wanda suke noma gandu ɗaya, bai gamsu ba. Sa ɗaya ya rage mana, haƙarƙarinsa duk a waje, kuma karan nan ne abincinsa.

Muna zaune muna jin su ta bayan danga.

"Wanda ya gaya maka haka albashi yake ci," in ji Baffa. "In san nan ya faɗi, da me za mu yi huɗa?"

"Yaya, gonar da mahaifinmu yake cika rumbu biyu da ita, dami nawa muka ɗauka bana?"

"To a raba ta. Ka je ka ciyar da gara a rabonka."

Innarmu ta tsaya da wanke-wanke. Ko mu yara mun san in aka raba gandu, tukunya ma ta rabu ke nan.

Iya ba ta fara da "Ga ta nan ga ta nanku" mu amsa mata kamar yadda aka saba ba. Ta ɗaga murya yadda na bayan danga za su ji, ta ce, "Ku matso, ta yau gajera ce."

Wai wani manomi ne yake da gona mai magana. Kowace shekara sai ta ba shi gero, abin da take roƙo kawai ya bar mata mayafinta, wato karan da ya rage. Da yunwa ta zo, ya kwashe ya ba akuyarsa, sauran ya hura wa 'ya'yansa wuta. Gona ta ce, "Ina jin sanyi." Ya ce, "'Ya'yana ma suna ji." Ya sake yi a shekara ta biyu. Iskar bazara na tasowa sai gonar ta tashi ta bi ta. Ya fito da irinsa ya tarar da fako, fartanya sai tsalle take. Ya bi sawu kwana da kwanaki, har ya same ta kwance a gindin dangar wani baƙo. Ya kira ta, ta ce ba ta san shi ba.

Na ce, "Iya, ai mugu ne."

"Ba mugu ba ne, yunwa ce. Gonar ma ba ƙarya ta yi ba."

"To ta dawo?"

"Ban sani ba tukuna."

Sai ta sa hannu ta zare karan da bai gama ci ba, ta turmuza shi a ƙasa. Ta kira Baba. Ba ta faɗin sunan Baffa saboda ɗan fari ne, don haka ta ce, "Kai da yayanka, ku zo nan." Suka zo suka tsuguna, kowa na kallon gefe.

"Tarin karan da kuke ajiye mini na jin ɗumi, a ba sa. Na gonarmu da ke gangare kuma a bar shi inda yake. Ina raye ba za a ja igiyar rabo a gonar nan ba."

Baffa ya ce, "Iya, ƙafafunki fa?"

"Ai nawa ne."

Baffa bai sake cin tuwo kwano ɗaya da Baba ba sai da aka yi shuka. San ya kai damina da ƙyar. Gonar gangare ba ta cika rumbu ba, amma lokacin da yashi ya binne shukar maƙwabta har suka sake, tamu ta tsaya.

Na daɗe ina ɗauka Iya ta yi tatsuniyar ne don ta nuna Baba ke da gaskiya. Sai da na girma, na ga gidaje da yawa sun watse a kan abin da bai kai wannan ba, sannan na fahimta. Kowanne a cikin 'ya'yanta yana da gaskiya, kuma dole wani ya rasa wani abu, sai ta riga su. Sanyin shekarar ya shige ta sosai. Kafin gero ya yi kai, ba ta iya kaiwa ko ƙofar gida. Kullum da yamma sai Baffa ya tsinko ganye ɗaya daga gonar ya kawo mata, ta shafa faɗinsa da yatsa, ta tambaye shi ko ƙanensa ma ya dawo gida.