Ba Ta Rufe Bakin Mai Gadi

A wani ofishin masu harkar kwamfuta a Unguwar Dosa, Malam Zakariyya yana jiran a duba masa kwamfutarsa, amma idonsa na kan wata mata da bai sani ba. Siririya ce, tabarau a ƙarshen hanci, shayinta ya huce tun ɗazu. Jan rubutu ya cika fuskar kwamfutarta.

Abokin aikinta ya leƙo. "Hajiya Na'ima, gargaɗin nan ƙarya ne. Kashe shi kawai, ana jiranmu."

"Na sani, Sharhabil," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi. "Manhajarmu tana kulle babbar folda, sannan ƙaramar da ke cikinta. Mai gadin da ke cikin kwamfuta yana ganin makullan iri ɗaya, sai ya zaci za su sarƙe, komai ya tsaya cak. Mu ne ba mu gaya masa wace ce uwa, wace ce 'ya ba. In na rufe masa baki yau, ranar gaskiya wa zai yi ihu?"

Tana bin layukan da yatsa, leɓɓanta na motsi. Malam Zakariyya yana ayyanawa a ransa cewa irin uwar nan ce da ba ta raina kukan yaro.

Ta ƙara layi ɗaya da ke nuna wa mai gadin uwa da 'ya, jan ya ɓace. Sai kuma da gangan ta juya makullan, ta kulle ƙaramar kafin babbar don ta gwada mai gadin, jan ya dawo.

"Yawwa," in ji ta, tana murmushi. "Yana nan da ransa."