Wata bakwai a ɗakin bayan Inna

Salamu alaikum 'yan uwa. Kun daɗe ba ku ji ni ba. Masu tambaya an ce musu na tafi Lome sarin kaya. Ba Lome na je ba, a nan Djougou na yi ta kwanciya a ɗakin bayan gidan mahaifiyata.

Da ciwon baya abin ya fara. Mai sayar da goro kuwa, wanda ya saba ɗaga huhu, ciwon baya ba labari ba ne. Na je aka yi mini ƙaho, na sha jiƙo. Sai ƙafafuna suka fara mutuwa. Ranar kasuwar Partago takalmina ya fita, na yi tafiya mai nisa ban sani ba.

A gidanmu ba a nuna marar lafiya. Haka muka gada. Inna ta ce bakin mutane ne ya kama ni, in aka gan ni a haka abin zai ƙaru. Aka mayar da ni ɗakin baya, aka saki labule, aka karɓe wayata.

Wata bakwai.

Ina jin kiran salla, ina jin muryar abokaina a ƙofar gida ana sallamar su. Fitsari ya daina yi mini sallama. Na san kowace tsaga ta bangon nan. Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba, na kuma ji haushin kowa.

Matata Rabi ce ta karya dokar. Wata safiya ta kira mota har ƙofar gida, ta durƙusa gaban Inna ta ce, "Inna, ki yafe mini, amma yau lopital za mu kai shi Parakou."

Inna ta ɗauko mayafinta ta shiga motar.

Daga asibitin Parakou aka tura mu Kotonu ɗaukar hoton da suke kira IRM. Babur ɗina ya tafi a nan, sayar da shi aka yi aka biya kuɗin. Hoton ya nuna ƙari a cikin ƙashin bayana, ya danne laka. Likita ya ce sai tiyata, kuma bai yi mini alkawarin zan sake takawa ba.

Da ya ce za su yi amfani da ekografi, na'urar duba ciki, a lokacin aikin, duk da tsoron da nake ciki sai da na tambaye shi ko ciki gare ni. Ni dai na san na'urar mata ce. Ya yi dariya ya ce, "Malam, laka ba a lalubenta. In mun buɗe ƙashi, za mu ɗora na'urar mu ga inda ƙarin yake kafin mu yanka."

Bayan na farfaɗo ya gaya mini ashe ƙarin ya ɗan haura sama da inda suka zata. Na'urar ce ta nuna musu, suka ƙara buɗewa kaɗan. Da suka cire, suka sake dubawa, babu saura.

Kwana tara bayan aikin babban yatsan ƙafata ya motsa. Rabi ta fita da gudu kiran ma'aikaciyar jinya, ko ɗankwali babu.

Mun yi wata huɗu a unguwar Guéma ta Parakou, gidan ƙanin Rabi, ina koyon tafiya. Allah ya saka masa da alheri, shi da likitocin, da Rabi, da ku da kuka yi ta cigiyata.

Shawarata: ciwon baya da ya zo da mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari, a tafi asibiti a makon nan. Ku tambayi likita yadda za a yi aikin, ba rashin kunya ba ne. Kuma kada ku rufe marar lafiya a ɗaki.

Ƙafar dama ta dawo. Ta hagu ina jan ta, da sanda nake zuwa masallaci. Likita ya ce watannin da na yi a ɗakin nan ne suka ci ta, ba za ta dawo duka ba.

Inna ba ta san wannan ba. Kullum tana shafa mini man kaɗe tana cewa saura kaɗan. Don Allah, wanda ya karanta kada ya gaya mata.