Dutsen niƙan da na kawo wa Mma

Shekaru da dama baya, ina saurayi a zangon Bawku, na ƙudura sai na gina wa mahaifiyata ɗakin da damina ba za ta ci gindinsa ba. Dutsen harsashi ne ya gagare ni. Sai abokina direban tifa ya ce ya san wani tudu wajen Gambaga, duwatsu tsibi-tsibi, an ma jera su a zagaye, babu mai su.

Ni da nake ji da wayo, ban tambayi wanda ya jera su ba. Muka kwashe tsibi guda muka cika mota. A ciki har da wani dutsen niƙa mai santsi, na kai wa mahaifiyata tsaraba ina washe baki.

Ta shafa cikinsa, inda ya lotsa har ya kusa hujewa. Sai ta ɗago kai ta dube ni.

"Wannan hannun mace ne ya cinye shi," in ji ta. "Mutanen da can, in mace ta rasu, dutsenta ake ɗora mata a kan kabari. Kabari ka kwaso mini, ɗana?"

"Mma, ai ba mutanenmu ba ne. Ba wanda ya san su."

"Shi ya sa. Wa zai tsaya musu?"

Kunya ta kama ni, ga tsoro, don na riga na baza labarin tudun a tasha, mutum uku na shirin zuwa ɗiba.

Washegari muka mayar. Na nemi tindana, dattijon da ke riƙe da ƙasar wurin, na faɗi laifina. Ya ce su ma kakanninsu haka suka tarar da tsibin, noma ma kewaye su suke yi. Shi ya nuna mana mazaunin kowane dutse, muka wuni muna jerawa. Daga baya mutanen ƙauyen suka dasa itatuwa a bakin hanyar, mota ba ta ƙara hawa ba. Mutanen tasha kuwa ni na bi su ɗaya-ɗaya, na sha tsiya, amma suka fasa.

Ɗakin sai bayan damina biyu ya tashi.

Ranar da muka binne mahaifiyata, da hannuna na jera duwatsu a kan kabarinta. Na san wata rana ba wanda zai san ko wace ce a wurin. Amma hankalina a kwance yake, don na taɓa ganin wadda ta tsaya wa matar da ba ta sani ba.