Usur Ɗin Getso

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar Gwarzo, mu uku, tsofaffin 'yan ƙwallon da yanzu tumbi ya yi wa ritaya. Ɗayanmu ma'aikacin jinya ne. A Kabo muka ratse muka sha koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, amma yajin yana nan yadda na san shi.

A Gwarzo na sa aka tsaya a filinmu na da. Shaguna sun cinye rabinsa, wajen ragar kuma mai faci ne ya kafa rumfa. Raina ya sosu ƙwarai.

Getso muka nufa, gidan tsohon ɗan gabanmu da muke kira Usur. Duk Gwarzo ba mai gudu irin nasa, amma da wasa ya yi zafi sai numfashinsa ya riƙa fito. Har 'yan Kabo sun taɓa tsayawa cak, sun ɗauka alƙalin wasa ne. Aka ce asma ce, ya sha zuma da citta, ya shaƙi magani, a banza. Ya haƙura ya koma gona. Yanzu an gayyaci ɗansa gwajin 'yan wasa a Kano, shi ma yana fiton, uban ya ce ba inda za shi.

Bayan fura da doguwar gaisuwa, muka sa yaron ya zaga fili da gudu har fiton ya taso. Ma'aikacin jinyar ya ce ya nuna inda ya shaƙe. Yaron ya dafa maƙogwaro, bai taɓa ƙirji ba. Ma'aikacin ya sa shi jan iska ta hanci, ya fesar a hankali ta tsukakken baki. Nan da nan fiton ya lafa.

"Ban ce ba asma ba ce, sai likitan maƙogwaro ya leƙa," in ji shi. "Amma akwai waɗanda tantanin muryarsu ne ke tsukewa in suna gudu. Koya musu numfashi ake yi, su ci gaba da wasa."

Usur ya daɗe yana kallon filin. "Wato ni ma da ban bari ba?"



Da la'asar muka juyo Kano mu huɗu, yaron na baya rungume da takalman da uban ya ɗauko masa da hannunsa. Abin da na koyo a tafiyar nan, shekaru muna yi wa fiton nan dariya, ba wanda ya taɓa tambayar Usur ina ne ke shaƙe shi.